Tsarabar da Kawu Ya Raba

Abin ya iso Wurno a naɗe kamar tabarma, cikin wani dogon kwali, kuma Aziza ba ta yarda kowa shi kama mata shi ba sai ni. Ni ɗin ma sai da ta tsare ni da ido kamar za ni gudu da shi. Aziza taubashiyata ce, ɗiyar kawuna Malam Abdulƙadiri, saboda haka ba ni da aikin da ya fi mani daɗi a duniya kamar in tsokane ta. Na ce mata ashe shekarun ga duka da ta yi a ƙasar sanyi sana'ar leda ta koyo, ai da ta faɗi tun farko da na kama mata rumfa a kasuwar Achida. Ta ce direban albasa ba shi da bakin magana a gaban ilimi, in je in wanke warin da ke jikina tukuna.

Leda ce kuwa in ka gan ta, mai santsi, ruwan ƙasa da ɗan kore-kore, da ratsi-ratsi a jere tun daga wanga baki har wancan. Sai dai sola ce. Yadda ta yi mani bayani, a kamfanin da take aiki akwai wani dogon inji da ake sa ma farar leda ta gefe guda, shina shafa mata tawada hawa-hawa kamar yadda ake buga atamfa, ta fito ta ɗaya gefen tana naɗe kanta. Tawadar ita ke shan rana ta ba da wuta. Ba gilashi, ba ƙarfe, ba nauyi. Don rudun albasa ta ɗauko ta har garinmu. Rudu rumfa ce ta kara da ciyawa da muke jibge albasa a ciki bayan an kwaso ta daga fadama, a jira ta yi daraja. Zafin bazara ke dafa ta a ciki, kana ji kana gani rabi shi ruɓe. Rudu ba shi iya ɗaukar faifan sola na gilashi, zubewa za shi yi. Wagga leda kuwa ko a kan jinka ka shimfiɗa ta sai ta kwanta, ta riƙa juya fankoki suna zuƙe zafin.

Tawadar wanga naɗi Aziza ce ta haɗa ta da kanta don ta jure irin ranarmu. Naɗi biyu kaɗai anka buga. Guda wani abokin aikinta ya tafi da shi ƙasarsu, guda ga shi a zauren Kawu. Manyan kamfanin na tafe su duba kowane, inda sunka ga abin ya tashi can za su kafa ƙaramin injin bugawa. In Sakkwato ta ci, Aziza za ta riƙe shi, ta dawo gida ke nan. In ba ta ci ba ta koma inda ta fito, sai kuma wani zuwan in da rai. Ni kaɗai ta gaya ma wagga magana, ta kuma rantsar da ni kada Kawu shi ji, don ba ta son ta sa mashi rai a kan abin da bai tabbata ba.

Kawu bai taɓa cewa ta dawo ba. Ba irin maganar da ke fita bakinai ba ce. Amma tun rasuwar innar Aziza ni ke kai shi asibitin ido a Sakkwato, kuma ba mu taɓa yin tafiya ba face ya tambaye ni ko an ce sanyin can ya yi sauƙi. Ni da ban taɓa wuce Legas ba, ina za ni san sanyin can?

Gidan Kawu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma akwai abu guda da anka san shi da shi daga Wurno har Goronyo. Tsaraba ba ta kwana biyu a zaurenai. Ko ƙwaryar dabino anka kawo mashi daga Makka sai ya bi gidaje ya raba, shi shi tashi da hannu wofi. Da idona na ga ya sa an tsattsage bandir ɗin shadda da wani ɗalibinai ya kawo, shi ko wando bai samu ba. Mutane na ba da wanga labari da alfahari kamar su sunka yi.

To da yammar da ta iso, bayan masu sannu da zuwa sun ragu, Aziza ta warware ɗan bakin ledar don Kawu shi taɓa. Ya shafa, ya kai kusa da idonai, ya tambaye ta ko tsawonta ƙayyadadde ne. Ita kuwa kai ya kumbura, uba na yabon aikinta. Ta ce a'a, a can yankawa ake yi kamar yadi, kowa gwargwadon bukatarshi. Ina zaune anka yi. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce Allah mai iko.

Washegari munka yi sammako zuwa Sakkwato ɗauko fankoki da batura. Ba mu dawo ba sai bayan azahar. Tun daga bakin zaure na ga kwalin a buɗe, ga almakashi a kan buzu, ga naɗin jingine da bango ya rame ya koma kamar muciya. Kawu na zaune fuska cike da annuri.

"Allah shi yi maki albarka, ɗiyata," in ji shi. "Na auna kamu-kamu na yanka, na aiki ɗalibai da ita, kowa ya samu. Gwaggonki ta Tursa, da Tambari na Taloka, da mutanenmu na Rimawa. Na rage maki na rudu."

Aziza ta durƙusa. Ta ce, "Madalla, Baba." Wallahi ban taɓa jin madalla matacciya irin wannan ba.

Sai da munka koma cikin mota da sunan sauke kaya ta fashe. Ba kuka ba, magana ce ke zuba ba waƙafi. A kamfani, in ji ta, akwai wuraren da anka yi ma alama, nan ake yankawa, kuma nan take ake liƙe bakin. Tawadar ba ta shiri da iska ko laima. Duk inda sunka samu kafa, ko hudar allura ce, sai su shiga su yi ta cin ta daga baki zuwa ciki. In ta samu yankunan da wuri za ta datse bakin da ya taɓu, ta liƙe, ta haɗa su da waya, abin shi yi aiki ko da tabo. In an yi jinkiri shi ke nan. Ragowar da Kawu ya bar mata ko fanka guda ba za ta juya ba.

Na ce mata lalle ta daɗe a waje. Kyautar Malam Abdulƙadiri take son ta bi gida-gida ta amso? Ai gara ta tuɓe mashi rawani a tsakiyar kasuwa. Na ce ta shiga ta gaya mashi gaskiya, shi san yadda za shi yi da mutanenai. Ta ce har abada bakinta ba za shi iya gaya ma tsohon nan cewa da hannunai ya yanke mata hanyar gida ba. Dabararta ita ce mu je mu ce gyara za ta yi masu ta maido. Na ce wanga ƙarya ko akuya ba ta ruɗuwa da ita. Ta ce in ba ni zuwa in ba ta makullin motar. Haushi ya kama ni, don na san za ni je.

Washegari da sassafe da Tursa munka fara. Gwaggon Aziza ta Tursa ba kowa ba ce, innata ce Kaltume, yayar Kawu, kuma duk girman ga nawa har gobe in ta kalle ni sai na gyara zama. Mun ishe ta ta rataye nata yankin a bangon ɗaki bayan jeren kwanoni, ta hana rana ta taɓa shi kada shi koɗe. Da wata rana ce da na yi dariya har na faɗi. Aziza ta gaishe ta, ta yi ta kewaye-kewaye, ta kawo zancen gyara. Inna ta bar ta ta gama tsaf.

"Ƙanena na ya aiko ki?"

Aziza ta girgiza kai.

"To mi kika biɗa? Hwaɗi gaskiya, ni ba yarinya ba ta."

Aziza ta sunkuyar da kai. "Gwaggo, in abin ga bai koma guda ba, ni za ni koma."

Daga nan ta kwance mata komai. Inna ta tashi ta sauko da ledar, ta kaɗe ta da bakin zane, ta naɗe ta miƙa mata. Ta ce ta ba ta ne don ita ɗiya ce, ba don abin ya yi kyau ba. Ni kuwa ta juyo kaina, ta ce ƙaton banza, an ba ni mota ina yawo da yarinya ana tona ma kawuna asiri. Na fita ina huci na daki tayar motata.

Daga Tursa zuwa Taloka tafiya ce mai cin rai, ga ramuka, ga rana, ga shi a shekarun ga ba mai hankalin da ke bari la'asar ta riske shi a kan hanyoyin nan saboda ɓarayin daji. Aziza ta kasa zama wuri guda. Ta ɗora ledar a cinya, ta sauke, ta warware baki ta duba, ta naɗe, ta ce in ƙara wuta. Na ce mata a-kori-kura ce ba jirgi ba. Ta ce ko jakin kakana ya fi ta sauri.

Tambari abokin Kawu ne tun suna samari, manomin albasa ne da gero, ba malami ba, kuma ba abin da shike taƙama da shi kamar a ce Malam na Wurno amininai ne. Ya kafe nashi yankin a saman ƙofar zaure inda duk mai wucewa za shi gani, da ƙusoshi, kowace ƙusa da marfin kwalba don kada iska ta yage. Aziza ta tsaya a ƙarƙashi tana kallo. Kewayen kowace ƙusa launin ya riga ya fara dusashewa. Ta ce duk da haka tsakiyar na da rai, za ta iya ceto ta. Tambari ya sa anka kawo muna fura, ya saurare ta da ladabi kamar wata babbar baƙuwa, sannan ya girgiza kai.

"Ɗiyata, hannun da yab ba ni, shi ka amsa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Furar ma ba ta iya sha ba, ni na shanye tawa da tata don kada a ce mun raina.

Kafin mu kai Rimawa labari ya riga mu, waya ta fi mota gudu. Kowane gida da fara'a anka tarbe mu, kuma kowane gida da hannu wofi munka fita. Nan maigida ya tafi fadama da makullin ɗaki. Can an ara ma wani suruki. Gaba kuma ba su ma san an aiko da wani abu ba, alhali ina hango bakin ledar a ƙarƙashin gado. A bakin rijiya wata mata ta ɗaga murya don mu ji, ta ce ashe abin da ake koyowa a Turai ke nan, ɗiya ta bi sawun kyautar ubanta. Jinina ya hau, na buɗe ƙofar mota za ni sauka in gaya mata wadda ba ta taɓa ji ba. Aziza ta riƙe mani riga, ta ce in tuƙa kawai. Idonta ya yi ja amma ba hawaye.

Mun shigo Wurno da yankin Inna kaɗai. Kawu ya amsa gaisuwarmu, ya tambayi hanya, bai tambayi inda munka je ba. Wannan ya fi damuna. Aziza ta ajiye ledar cikin kwali tare da ragowar, ta shige cikin gida. Hassana, matar wanta, wadda ke riƙe da gidan, ta gaya mani daga baya ko loma ba ta kai baki ba, sai zagaye tsakar gida take yi da waya a hannu, ta danna ta kashe.

Da hantsi na dawo don mu sake shawara, sai na ishe masu ɗaukar karatu zaune a zaure da littattafansu a rufe. Malam ba shi nan. A iya sanina ciwo kaɗai ke hana shi zaman safe. Wayarshi na kan buzu. Kwalin kuwa wayam, ba ragowar, ba yankin Inna. Maƙwabci ya ce ana sallame asuba Malam ya kira Sa'adu mai kabu-kabu, sunka ɗaure wani abu a bayan babur, sunka yi gabas. Na kira Inna, tun kafin in gama tambaya ta ce i, ita ta kira shi, ta gaya mashi abin da yarinyar ta ce kalma da kalma. Ta ce ko so nike ta zauna tana kallo ƙanenta shi rasa ɗiya bai san dalili ba? Ta kashe wayarta.

Aziza ta fito ko mayafi bai zauna mata daidai ba. Ba wanda ya ce ma wani mu tafi, mun dai tsinci kanmu a mota.

Mun ishe Tambari zaune a dandamalin ƙofarshi, ga marafan kwalba warwatse a ƙasa, saman ƙofar ba komai sai ramukan ƙusa. Bai tashi ba. Ya ce Malam ya zo. Ya yi mashi shimfiɗa ya ƙi zama, ya kawo ruwa ya ƙi sha, ya ce shi shigo inuwa ya ƙi. Daga tsaye cikin rana, gaban mutanen unguwa, ya ce, Tambari, na zo in amshi abin da na ba ka. Tambari ya ce tun suna samari bai taɓa jin muryar Malam ta yi rawa ba sai yau. Ya ce shi da kanai ya hau turmi ya ciro ƙusoshin, kuma da ƙasa za ta tsage a lokacin da su biyu sun shige. Bai zagi Aziza ba, bai ma kalle ta ba. Ni da za shi zage mu da ya fi mani sauƙi.

A Rimawa ma haka. Gidan da jiya anka ce makulli na fadama, yau an ce Malam na yin sallama anka fito da ita. Wanda ya ara ma suruki ya tuna ashe tana bayan ƙofa. A kowace ƙofa magana guda ya yi, ba bayani, ba neman uzuri, bai kuma ambaci sunan ɗiyatai ba. Wata tsohuwa ta ce ta miƙa mashi tana kuka, don ta ɗauka laifi ta yi ma gidan malamai. Duk inda munka tsaya sai a ce yanzun nan ya wuce. Mutum mai ciwon ido da ciwon gwiwa, a bayan babur, cikin ranar bazara, amma mu da mota mun kasa cim mashi.

Aziza ta cusa bakin mayafi a baki tana tauna, ƙafarta na ta kaɗawa har ina jin ta a jikin kujera. Can ta ce in ya tattaro su duka yau, akwai sauran dama, za ta kwana tana liƙi. Muryarta har ta ɗan washe. Ba mu yi nisa ba ta ce Allah shi sa shi gaji shi bari hakanan, ba ta son ko gida guda shi ƙara shiga. Ta koma ta ce saura gidaje nawa ma. Ni ma haka zuciyata take, ina murna ina jin kunyar murnar. Tsokanar da na saba yi mata ko guda ta ƙi zo mani baki.

Daga Rimawa sawu ya ɓace muna. Wani mai faci ya ce ya ga babur da farin tsoho ya yi hanyar Goronyo. Mi za shi kai shi Goronyo, ba wanda anka aika ma leda a can? Mun shiga garin ana cin kasuwa, mun kutsa ta layin 'yan albasa, mun fita ta 'yan kifi, mun leƙa masallaci, mun leƙa gidan wani ɗalibinai, mun tambayi 'yan kabu-kabu a tasha. Wayar Sa'adu a kashe. Motata ta ɗau zafi ta fara tururi, na tsaya ina ɗura mata ruwa ina zaginta, Aziza na zagaye ta kamar hakan za shi sa ta huce. Da inuwa ta fara tsawo na ce mata dole mu juya, ba ni kwana da ɗiyar mutane a hanya. Ba ta yi gardama ba, abin da ya nuna mani ta gaji ke nan.

A ƙofar gida munka yi jira. Ita ta shiga ta fito, ta shiga ta fito. Ni na zauna a kan bodin mota, na sauka, na je bakin titi, na dawo. Duk ƙarar babur sai mun miƙe. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa sannan sunka ɓullo ta kan kwana, Sa'adu na tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Kawu bai iya sauka da kanai ba, ni na ɗauke shi cak na dire. Ƙafafunai sun kumbura sun cika takalmi, leɓɓanai sun bushe sun yi fari. Bai bari a kai shi ɗaki ba, ya ce a kwance kayan a shigo da su. Da na kama naɗin, gabana ya faɗi. Abin da Aziza ke ɗauka da hannu guda, yanzu sai da ni da Sa'adu munka haɗu a kai.

Munka warware shi a tsakar gida, ya tafi tun daga bakin madafa har gindin darbejiya. Guda ne, tsawonai cif kamar yadda ya zo. Sa'adu ya matso kusa da ni shina ba ni labari ƙasa-ƙasa, da jin daɗin wanda anka yi aikin kirki da shi. Wurin mai ɗinkin tamfol na kasuwar Goronyo sunka je, wanda ke ɗinka ma manyan motoci rufi. Malam ya zauna a gabanai tun azahar bai motsa ba, ya ce so shike a mayar da ita guda, ko alamar yanka kada a gani. Mai ɗinkin ya ce ledar ba ta da kauri, iskar farkon damina za ta yage ta, sai dai a yi mata bango. Sai ya shimfiɗa mata sabon tamfol a baya, ya bi kowane ratsi da keken ɗinki daga farko har ƙarshe, layi bayan layi, ya kuma kalmashe bakin ya ninka ɗinki. Ni direba ne, na san ɗinkin tamfol. Ban taɓa ganin mai kyan wannan ba.

Aziza ta durƙusa a kai. Ta ɗora yatsa a kan layi guda ta bi shi a hankali, huda bayan huda, har iyakar inda hannunta ya kai. Ta koma layi na biyu. Ba faɗin tafin hannu guda a jikin ledar nan da allura ba ta shiga ba.

An kawo ma Kawu kujera ya ƙi, ya dafa kafaɗata ya tsaya.

"An ce guda kika son shi," ya ce. "Ga shi guda. Ban bar ko ƙyalle wurin kowa ba."

"Na gani, Baba."

"Za shi yi?"

Aziza ta sake shafa ɗinkin. Ni dai tausayi ya cika ni har na rasa wanda za ni fi tausaya ma a cikinsu, ga haushi kuma ba wanda za ni sauke ma. Ta ɗago ta yi mashi murmushi, wallahi ta yi ƙoƙari.

"Ɗinkin ya yi kyau ƙwarai, Baba."

Idon Kawu ya yi rauni, amma mutum ne da ya tsufa shina sauraron masu kawo ƙara da masu neman fatawa, ya san amsar da ba amsa ba. Na ji hannunai ya ƙara nauyi a kafaɗata. Bai sake tambaya ba. Ya ce ma Sa'adu Allah shi yi albarka, shi tafi gida iyali na jira. Ya ce a ba shi buta, magariba ta kawo jiki. Na raka shi har bakin ɗaki, a nan ya tsaya ya kira Hassana, ta taso da sauri ta durƙusa.

"Gobe a soma dakan yaji da kuka, a nemi daddawa mai kyau," in ji shi. "A yi mata da yawa. An ce can ba a samu."